Daga tsumma zuwa itace: tarihin takarda, da abin da ya sa takardar gonarku ke marmashewa



A makon jiya wani dattijo ya kira mu daga wani ƙauye na yankin Tasawa. Rigimar iyakar gona ce ta taso tsakaninsa da maƙwabcinsa, sai ya buɗe adaka ya ɗauko takardar da aka rubuta ranar da mahaifinsa ya sayi gonar, yau shekara 40 da ɗoriya. Ya ce takardar ta yi ja kamar an tsoma ta a shayi. Yana warware ta sai ta rabu huɗu daidai inda aka ninke, gefen da shaidu suka dangwala hannu kuma ya marmashe. To amma cikin adakar nan akwai Alƙur'ani rubutun hannu na kakan mahaifinsa, a cikin gafaka, wanda ya girmi takardar gonar nesa ba kusa ba, kuma har yau ana buɗa shi ana karatu. Tambayar dattijon ita ce: yaya aka yi tsohuwa ta fi sabuwa ƙarko?

Mun bincika, kuma amsar a taƙaice ita ce: ba da abu ɗaya aka yi su ba. Takardar da malamanmu na da suka yi rubutu a kai galibi da tsumma aka yi ta. Ta zamaninmu kuwa, tun daga kayen ɗan lakwal har buhun siminti, da itace ake yin ta. Yadda aka taso daga tsumma aka koma itace labari ne mai tsawo, kuma a ƙarshensa akwai shawarar da za ta amfani duk mai ajiyar takardar haihuwa, ta gona ko ta shaidar karatu.

Zamanin tsumma

Kowace takarda siraran zaruruwa ne na tsiro. Ana dama su da ruwa su zama ƙullu, kamar ƙullun koko mai ruwa-ruwa, a kwarara a kan rariya, ruwa ya tsiyaye, zaruruwan su sarƙe da juna, a matse a shanya. Shi ke nan sirrin, kuma bai canza ba tun farko. Abin da ya yi ta canzawa shi ne inda ake samo zaruruwan.

A ƙasar Sin aka fara. Tarihinsu ya rubuta cewa a shekara ta 105 miladiyya wani bafaden sarki mai suna Cai Lun ya kai wa sarki takardar da ya yi da ɓawon itace, da rama, da tsummoki, da tsofaffin komar kamun kifi. Daga nan sana'ar ta biyo hanyar fatake zuwa yamma. A ƙarni na 8 birnin Samarƙand ya yi suna wajen yin takarda, kuma wajen shekara ta 794 an kafa wurin yin ta a Bagadaza. Daga nan ta shiga Sham da Masar da Maroko, ta haye Andalus, ta isa Italiya a ƙarni na 13. Mutanen garin Fabriano na Italiya su suka fito da dabarar sa tambari cikin jikin takarda, wanda ba ka ganinsa sai ka ɗaga ta ga haske. A duk waɗannan wurare, tsumman lilin da na rama, daga baya da na kaɗa, su ne abin aiki.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Takardar da malaman ƙasar Hausa da Barno suka yi rubutu da ita a ƙarni na 19, mafi yawanta daga arewacin Italiya ta fito. Jirgin ruwa ya sauke ta a Tarabulus, raƙuma su ɗauko ta su ratso Sahara ta Gat da Agadas, su biyo Damagaram ko Tasawa har Kano. Tambarinta jinjirin wata uku ne a jere, kuma gidan Galvani na garin Pordenone na cikin manyan masu yin ta. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Agadas da Tasawa ya isa Kano a 1851, ya ambaci takarda mai wata uku cikin hajar da ke shigowa kasuwar daga arewa. Ita kanta kalmar "takarda" masana harshe sun ce daga bakin Buzaye muka aro ta, wato ta hanyar da hajar ta biyo sunanta ma ya biyo. Mai tsohon littafi a gida ya ɗaga warƙa ɗaya ga hasken rana, a hankali, wataƙila zai ga watannin nan uku. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, wanda marigayi Bubu Hama ya aza harsashin tara littattafansa, na ajiye da dubban irin waɗannan.

Tsumma ya yi kaɗan

Wajen 1450 Gutenberg ya fito da injin buga littattafai a Jamus. Daga nan buƙatar takarda ta yi ta hauhawa, tsumma kuwa ba a noma shi, sai mutum ya sa riga ta tsufa. Tattara tsumma ya zama sana'a, ƴan tsumma na bin gida-gida kamar yadda ƴan gwangwan ke bi yau. Wasu ƙasashen Turai har doka suka kafa ta hana fitar da tsumma waje.

Sai injin yin takarda ya zo ya ƙara tsananta lamarin. Wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Robert, ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1799. An kai dabarar Ingila, inda ƴan uwan nan Fourdrinier suka zuba kuɗi, injiniya Bryan Donkin ya ƙera injin da ya fara aiki a farkon shekarun 1800. Da can falle ɗaya-ɗaya ake ɗebowa da hannu, yanzu inji na fitar da takarda doguwa ba yankewa. Ga inji mai ci, ga jaridu sun yawaita, ga makarantu ana ta buɗewa, amma abincin injin babu.

Tun kafin wannan lokaci wani ya hango mafita, kuma daga ƙwaro ya koyo ta. A 1719 masanin Faransa René de Réaumur ya gaya wa majalisar masana ta Paris cewa ya lura da yadda rina ke gina gidanta. Mu lura, rina muke nufi, ba zanzaro mai gini da laka ba. Rina takan kankaro busasshen itace da bakinta, ta tauna shi da yawu, ta shimfiɗa shi siriri ya bushe. Wanda ya taɓa riƙa tsohon gidan rina ya san takarda ce sak, mai ruwan toka. Réaumur ya ce in ƙwaro ya iya, ɗan Adam ma ya kamata ya iya. Shi dai bai gwada ba. Tsakanin 1765 da 1771 wani limamin coci na garin Regensburg a Jamus, Jacob Christian Schäffer, ya yi ta gwaji da garin katako, da gidan rina, da ciyayi iri-iri, ya wallafa sakamakon tare da samfurin takardun. A 1800 kuma Matthias Koops ya buga littafi a Landan a kan takardar da aka yi da haki, da wasu shafuka na itace. Bai jima ba jarinsa ya karye. An san abin zai yiwu, hanyar yin sa da yawa kuma da araha ce ba a samu ba.

Masaƙin da ya niƙa itace

Wanda ya buɗe ƙofar ba babban masani ba ne. Friedrich Gottlob Keller masaƙi ne a garin Hainichen na yankin Saksoni a Jamus, an haife shi a 1816, mutum ne mai son ƙere-ƙere. Ya ba da labarin cewa suna yara sukan goga ƙwallon wani ɗan itace a kan jiƙaƙƙen dutse don su huda shi su yi sarƙa, kuma ruwan da ke fita in ya bushe sai ya bar wani ɓawo kamar takarda. Wannan ya tuna. Sai ya samu dutsen wasa wuƙa mai juyawa, ya danna guntun itace a jikinsa yana zuba ruwa. Itacen ya narke ya zama ƙullu fari-fari. Wannan ya faru tsakanin 1843 da 1844, kuma a 1845 ya samu takardar mallakar fasaha. A shekarar nan wata jaridar garin Frankenberg ta fito a kan takardar da aka yi da ƙullun nasa gauraye da tsumma.

Abin mamaki, a can Kanada wani saurayi mai suna Charles Fenerty, ɗan gidan masu injin tsaga katako a yankin Nova Scotia, ya kai ga wannan dabara shi kaɗai, ba tare da sanin Keller ba. A watan Oktoba na 1844 ya aika wa wata jaridar birnin Halifax wasiƙa tare da samfurin takardarsa. Bai nemi takardar mallaka ba, kuma ba wanda ya ɗauki maganarsa a lokacin.

Shi ma Keller bai ci moriyar wahalarsa ba. Ba shi da jari, don haka a 1846 ya shiga yarjejeniya da wani mai masana'antar takarda, Heinrich Voelter. Da lokacin sabunta takardar mallaka ya zo a 1852, Keller bai da kuɗin biya, sai fasahar ta koma hannun Voelter gaba ɗaya. Voelter ya haɗa kai da wani maƙeri na garin Heidenheim, Johann Matthäus Voith, suka gyara injin suka yi ta sayarwa. An nuna shi a babban baje kolin Paris na 1867, kuma a shekarar nan ƴan gidan Pagenstecher suka kafa irinsa a jihar Massachusetts ta Amurka. Kamfanin Voith yana nan har yau yana ƙera injunan takarda. Keller ya rasu a 1895 ba tare da ya yi dukiya ba, sai gudummawar da masu masana'antu suka riƙa tara masa a tsufansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Niƙan itace ya karya farashin takarda. Daga kilo 100 na busasshen itace ana samun ƙullu sama da kilo 90, kusan ba abin da ake zubarwa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 jaridun Turai da Amurka sun koma kan takardar itace, talaka ya samu jarida da littafin karatu da ɗan abin da ke aljihunsa. Sai dai wannan arahar ta zo da aibinta.

Abin da ke cikin itace

In ka duba itace, manyan abubuwa biyu ne suka fi damun mai yin takarda. Na farko zaruruwan da ake kira selulos, wanda masanin Faransa Anselme Payen ya fara tantancewa a 1838. Su ne kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na busasshen itace, kuma su ake so. Kaɗa kuwa kusan duk jikinta selulos ne, shi ya sa tsumma ke ba da takarda mai kyau. Na biyu wani danƙo ne da ake kira liginin, kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Shi ke ɗaure zaruruwan ya ba itace tauri, kamar yadda laka ke riƙe ramno cikin tubali. A jikin itace yana da amfani. A jikin takarda kuwa, in haske da iska suka taɓa shi sai ya yi ja. Dabarar Keller ba ta fitar da shi, kuma dutsen yana kakkarya zaruruwan su gajarce. Ku ajiye jarida a rana kwana biyu ku ga yadda za ta koma.

Sai masana suka ce, maimakon niƙa, a dafa itacen da magani ya narkar da danƙon ya bar zaruruwan lafiya. Hanyoyi uku suka fito bi da bi.

Ta farko ita ce dafawa da soda mai ƙuna, irin wadda mata masu haɗa sabulu suka sani. Hugh Burgess da Charles Watt suka gano ta a Ingila a 1851. Ba su samu karɓuwa a gida ba, sai Burgess ya kai ta Amurka, aka ba su takardar mallaka a 1854, aka kafa masana'anta a jihar Pennsylvania.

Ta biyu ita ce dafawa da ruwan tsami na farar wuta, wadda ake kira salfait. Ba'amurke Benjamin Tilghman ya samu takardar mallakarta a 1867, amma ruwan ya yi ta cinye masa tukwane har ya haƙura. Wani ɗan Suwidin, Carl Daniel Ekman, shi ya fara aiki da ita a masana'anta a garin Bergvik a 1874, a Jamus kuma Alexander Mitscherlich ya inganta ta. Tana ba da ƙullu mai haske, kuma ita ta yi sarauta shekaru da dama.

Ta uku ita ce wadda ta gaje duniya. A 1879 Carl Dahl, a birnin Danzig wanda yau ake kira Gdansk a ƙasar Polan, ya sauya maganin da ake ƙarawa cikin tukunyar soda da wani gishiri mai farar wuta. Ƙullun ya fito da launin ƙasa-ƙasa, amma da ƙarfin da ba a taɓa gani ba. An ba shi takardar mallaka a 1884, kuma aka sa wa hanyar suna "kraft", wato ƙarfi a Jamusanci. Kun san wannan takarda sarai: ita ce buhun simintin da ke fitowa daga Malbaza, ita ce jikin kwali, ita ce kuma mai kilishi ke naɗe muku tsaraba da ita.

Ga yadda ake yi. A ɓare itace, a daddatsa shi ƙanana, a zuba cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe rufaffiya tare da magani, a dafa a zafin da ya kai wajen digiri 170 na wasu awanni. Danƙon ya narke ya fita cikin wani baƙin ruwa, zaruruwan su rage. A nan daga kilo 100 na itace kusan rabi kawai ake samu. Shi baƙin ruwan ba a zubar da shi. A farkon shekarun 1930 G. H. Tomlinson ya ƙera murhun da ke ƙona shi, a samu wutar da ke tafiyar da masana'anta, a kuma kwaso maganin daga tokar a sake dafuwa da shi. Wannan, tare da sababbin hanyoyin wanke ƙullun ya yi fari, shi ya sa kraft ta sha gaban sauran tun daga shekarun 1940.

Ba a samu wannan kyauta ba. Garin da ke da masana'antar kraft an san shi da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Koguna da dama a Turai da Amurka sun gurɓace da ruwan da ake saki. A shekarun 1980 aka gano cewa wanke ƙullu da iskar kulorin na haifar da wata guba mai suna diyoksin, abin da ya sa a shekarun 1990 mafi yawan masana'antu suka sauya maganin wankin.

To me ya cinye takardar dattijo?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko danƙon nan da muka faɗa, in takardar ta mai araha ce, irin ta jarida ko ta ƙaramin kaye. Na biyu tsami. Don kada tawada ta naɗe a jikin takarda, tun farkon ƙarni na 19 masu injuna suka riƙa zuba wa ƙullu ƙaron itace tare da alif, dangin wanda muke sa wa ruwa ya kwanta. Shi alif yana barin tsami cikin takarda, tsamin kuma na cin zaruruwan a hankali har su gutsuttsure. Zafi da laima na ƙara masa sauri, mu kuwa muna da zafin bazara da laimar damina. Manyan ɗakunan karatu na Turai da Amurka sun farka sun tarar da miliyoyin littattafan da aka buga daga wajen 1850 suna marmashewa, alhali waɗanda suka girme su da shekara 300 suna nan garau. A shekarun 1950 wani Ba'amurke, William Barrow, ya yi gwaje-gwajen da suka jawo hankalin duniya ga wannan tsami. Daga shekarun 1980 masana'antu da yawa suka koma yin farar takardar rubutu marar tsami, suna sa mata garin alli, kuma a 1994 aka fitar da ƙa'idar duniya ta takarda mai ƙarko, ISO 9706.

Tsumma dai bai mutu ba. Ƴan uwa da ke waje, ku taɓa kuɗin da ke aljihunku: takardar yuro kaɗa ce zalla, ta dalar Amurka kuma kashi 75 kaɗa, kashi 25 lilin. Shi ya sa in an manta da ita cikin wanki take fitowa da rai.

Da wane itace ake yi yau?

Wani mai sauraro ya tambaye mu ko gawo da kalgo da ake sarewa a dajinmu takarda ake yi da su. A'a. A Nijar ba mu da masana'antar ƙullun takarda, duk abin da muke rubutu a kai shigo da shi ake yi. Itacenmu murhu da gawayi da gini ke cin sa. Masana'antar takarda na son ruwa mai yawa da daji mai kauri. A ƙasashen sanyi irin Kanada, Suwidin da Finlan ana aiki da itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda zarensu ke kai milimita 3, su ke ba da takarda mai ƙarfi. A Birazil kuwa turare suke shukawa gona-gona, irin wanda muke gani a bakin wasu hanyoyinmu, su sare shi bayan shekara 6 ko 7. Zarensa gajere ne, wajen milimita 1, yana ba da takarda mai santsi. Duniya na yin takarda da kwali kusan tan miliyan 400 a shekara, Sin da Amurka ke kan gaba, kuma babban kaso daga tsohuwar takarda ake sake yin sa. Sai dai zare na gajarcewa duk sanda aka sake dama shi, bayan sau 5 zuwa 7 ya gama aiki, dole a ƙaro sabon itace.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta gwada. Ta kafa manyan masana'antu uku, a Jebba, Oku Iboku da Iwopin, har aka shuka gandun itacen malaina dominsu, amma a shekarun 1990 aikin ya durƙushe. Shi ya sa in kuɗin jirgin ruwa ko canjin dala ya tashi, uba a Dakoro ko Magarya ke jin sa a farashin kaye ranar komawa lakwal.

Yadda za ku tsare takardunku

Tunda mun san ciwon, ga abin da za a iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Kada a ninke takarda mai muhimmanci. Daga ninki take fara karyewa. A shimfiɗa ta a miƙe tsakanin fararen takardu sababbi, cikin jakar kwali.

Kada a haɗa ta da tsohuwar jarida ko kwalin ƙasa-ƙasa, don tsamin na ratsawa daga wannan zuwa waccan. A cire ƙusar ƙarfe da allurar maƙala takarda, suna tsatsa.

A ajiye cikin adakar ƙarfe, a ɗora ta kan duwatsu ko benci, nesa da bango saboda gara da ruwan damina, kuma ba dab da rufin kwano ba. A riƙa buɗewa ana dubawa, ko sau biyu a shekara. In an sa cikin leda, a tabbata takardar a bushe take ƙayau, don leda na riƙe laima.

In ta yage, kada a liƙa mata sikoc. Danƙonsa na shiga jikinta ya bar tabon da ba ya fita. Haka ma rufe ta da leda a injin zafi: in an yi ba a warwarewa, kuma wasu ofisoshi ba sa karɓar takardar asali da aka yi wa haka. A yi fotokofi, shi a rufe da leda a riƙa yawo da shi, ta asalin ta zauna gida.

Rasiɗin nan mai santsi da ake ba ku in kun karɓi kuɗin da aka aiko, ko kun biya wani abu, ba tawada ce a jikinsa ba, zafi ne ke fito da rubutun. Rana da zafin aljihu na goge shi cikin ƴan watanni. In na ajiya ne, a yi masa fotokofi tun yana sabo.

A ɗauki hoton kowace takarda da salula, gaba da baya, a wuri mai haske, a tura wa ɗa ko ƙane da ke birni ko waje ya ajiye. Ƴan uwa na ƙetare, in kun zo gida hutu, ku ware yini ɗaya ku zauna da tsofaffi ku yi wannan aiki.

Mai takardar haihuwa da ta lalace ya je meri inda aka yi ta ya nemi kwafi. Mai gona kuma ya tuntuɓi kwamitin kula da filaye, wato Kofo na garinsu ko na kwamin, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a rubuta masa shaida tun masu sanin iyaka suna raye.

Shi dattijon Tasawa mun ba shi shawara kada ya sake taɓa guntayen da hannu, ya jera su a kan farar takarda, a ɗauki hoto, sannan ya kai maganar gaban mai gari da Kofo tare da ƴaƴan shaidun farko. Ya ce biyu daga cikinsu suna nan garin. Muna roƙon Allah ya sasanta su da maƙwabcinsa.

Wanda ya ɗaga tsohon littafin gidansu ya ga tambarin wata uku, ko wani tambari daban, ya ɗauko mana hotonsa ya faɗa mana garinsu, za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba. Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.